Jan Ruwan Asuba: Kwana Bakwai a Wani Lungu na Tsohon Jos

Tun kafin a kira assalatu famfon tsakar gidan goggona ya fara tari. Haka mutanen gidan ke faɗa, kuma duk wanda ya taɓa jin ƙarar zai ba su gaskiya: ya furzar da iska, ya yi gurnani, ya ɗan yi shiru, ya sake. Ina dunƙule cikin bargo, don tsakiyar hunturu ne, sanyin Jos kuwa sai wanda ya kwana a cikinsa, sai na ji wata yarinya ta ɗaga murya daga bakin zaure: "An kawo ruwa!" Kafin ka ce kwabo ƙofofi sun buɗe. Ga ƙarar bokitai, ga jan baho a kan siminti, ga uwa tana tashin ɗanta da tsawa. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha huɗu, a wani lungu na tsohon gari da ke gangarawa rafin Dilimi, famfo ɗaya tak gare shi.

Na fito da tocila na tsaya gefe. Abin da ya fara zubowa jajir ne kamar shayin da ganye ya yi wa yawa, ga ɓarɓashi baƙi-baƙi yana juyi a gindin bokiti. Babu wanda ya yi ko gezau. Goggo ta dubi jikarta ta ce, "Ke, kai wannan makewayi, ki dawo ki sake tarawa." Bokiti na biyu ya zo ruwan ɗorawa, na uku ya fara washewa. Sai a na huɗu aka soma ɗurawa a randa, shi ma ta cikin farin kallabin da aka ɗaure a bakin famfon. Da gari ya waye na ga kallabin a shanye kan igiya, tsakiyarsa da wani tabo mai launin jar ƙasa wanda sabulu ya daɗe da sallamawa.

Kwana bakwai na yi a gidan, sau biyu famfon ya yi wannan tarin. Sauran kwanakin kuwa rijiya da 'yan garuwa ne suka riƙe gida. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Tun daga asubar nan na ƙudurta sai na bi sawun wannan ja, na ga inda ya samo asali.

Garin da koguna ke tasowa

Jos ba garin ƙishi ba ne. Tana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma ruwan saman da ke sauka mata tsakanin Afrilu da Oktoba yakan kai wajen milimita 1,400 a shekara, abin da ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba. Daga duwatsun Filato kogin Kaduna ke tasowa, daga nan Gongola ke tasowa. Shi kansa Dilimi da ke wucewa ta bayan gidajenmu yana yin arewa ne, ruwansa ya bi ta ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are, ya nufi Tafkin Chadi. Tudun da ke shayar da wasu ke nan.

An kuma tare wa garin ruwansa. Akwai madatsun Lamingo da Liberty a gabashin gari, akwai ta Kogin Giri, akwai babbar madatsar Yakubu Gowon a kan kogin Shen, can ta kudu. Daga madatsa ruwa ke zuwa matata, inda ake zuba masa alif don laka ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa farar ƙasa don a rage masa tsami, sannan a sa kilorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Idan an yi duk wannan yadda ya kamata, ruwa na barin matata garau, ka sha ka yi hamdala. Amma tsakanin matata da randar Goggo akwai tafiyar kilomita da dama a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, a cikin mazubin da babu mai leƙawa balle ya wanke. Mace ba ta yarda ta zuba fura a ƙwaryar da ba ta ɗauraye ba. Bututu kuwa shi ne ƙwaryar gari gaba ɗaya, ga shi wani ya girmi uban wanda ke sha daga cikinsa.

Tarihin garin ne ya jawo haka. Kuza ce ta tara Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tudun, 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa suka kwararo daga Kano, Katsina, Bauchi, Barno da kudancin ƙasa, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Bututun farko an shimfiɗa su ne domin ɗan ƙaramin gari na ma'aikata. Gari ya yi ta buɗewa, Unguwar Rogo, Rikkos, Tudun Wada, Nasarawa, Farin Gada, har ƙidayar 2006 ta sami mutum 429,300 a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa kaɗai. Kowane sabon layi a jikin tsoho ake jona shi, tsohon kuma yana nan inda aka binne shi.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk sa'ad da na tuna. Babban amfanin kuzar da aka kwashe daga ƙasar nan shi ne a shafe ƙarfen gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa. Gwangwanin madara da na kifi a ƙasashen da kakanninmu ba su taɓa gani ba sun tsira daga tsatsa da gumin 'yan ƙwadagon Jos. Ya cancanta jikokinsu su sha ruwa daga ƙarfen da aka kula da shi.

Abin da zarto ya nuna

Rana ta uku Goggo ta aika aka kira mai gyaran famfo, don gindin famfon ya daɗe yana tsiyaya. Dattijo ne mai furfura, ya zo da buhun kayan aiki a bayan keke. Bayan an gaisa ya tona ƙasa kamu biyu, sai ga bututun da marigayi maigidan ya sa tun ana gina gidan, irin na ƙarfe mai rufin tutiya, wato farin rufin nan da ke jikin kwanon rufi. An naɗe shi da robar tiyub a wuri uku. Ya ce mini, "Malam, riƙe mini nan," ya sa zarto ya yanko guntu kamar tsawon hannu, ya miƙo mini.

Na ɗaga shi sama na leƙa. Bututun da a da babban yatsa ke shiga, yanzu ko tsinken tsire da ƙyar zai wuce. Cikinsa ya cika da ƙuraje ja da baƙi, tsiro a kan tsiro, kamar gidan gara. Na taɓa ɗaya da farce ya farfashe, wani baƙin ruwa mai ƙarni ya biyo baya, a ƙarƙashinsa kuma ƙarfen ya zama rami. Ta waje ma haka, wajen zaren da ake ɗaura bututu da bututu ya cinye har ana ganin haske ta ɗan huji.

Dattijon bai yi karatun kimiyya ba, amma bayaninsa bai saɓa wa na masu karatun ba. Ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iska, tsatsa ce ke biyo baya. Rufin tutiya yana kare shi na wasu shekaru, shi yake fara cinyewa, in ya ƙare sai a koma kan ƙarfen. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana ya fi daɗewa. Wanda kuwa yau ya jiƙe, gobe ya bushe iska ta shiga, jibi ruwa ya dawo da ƙarfi, shi ne tsatsa ke ci da gaggawa. Dawowar ruwan ce ke kankaro abin da ya taru, shi ne jan da muke gani da asuba. Ya ƙara da cewa inda aka haɗa kan famfo na tagulla da bututun ƙarfe, nan ne ya fi saurin ruɓewa, don ƙarfe biyu mabambanta in sun haɗu cikin ruwa ɗaya yakan ci ɗaya.

Shi ma ruwan Filato yana da nasa hali. Dutsen tudun nan mai tauri ne, ba ya narkewa ya ba ruwa sinadarin alli. Shi ya sa sabulu ke kumfa da wuri a Jos. Irin wannan ruwa mai laushi ba ya shimfiɗa wa bututu ɓawon da zai kare shi daga ciki, lasar ƙarfen yake yi. Alif ɗin da ake sawa a matata yana ƙara masa tsami, don haka farar ƙasar da ke biyo baya take da muhimmanci ƙwarai. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce ma'aunin tsamin ruwa ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, ƙarfen da ke cikinsa kuma kada ya wuce miligiram 0.3 a lita. Da ya haura haka harshe zai ji, farar shadda ma za ta nuna.

Ƙurajen nan su ne kuma ke shaƙe ruwa. In faɗin bututu ya ragu da rabi, hanyar ruwa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa gidajen da ke kan tudu a lungun suka daina ganin ko ɗigo, har wasu suka tona rami a ƙofar gida suka yanke bututu a ƙasa, suna tara ruwa daga can. Masu hali kuma suka sa injin zuƙo ruwa, wanda ke janye na maƙwabta.

Inda bango ya tsage

Ita tsatsar kanta, ko da ta ɓata launi da ɗanɗano, ba ita ce ke kwantar da yaro ba. Hujin da take bari ne abin tsoro. Da yamma na bi dattijon muka zaga lungun, ya riƙa nuna mini. Ƙananan bututu, na ƙarfe da na roba, sun fi goma, a jere kamar taliya, kwance a cikin kwata. Nan ne ya fi sauƙin bi, babu tonon dutse, babu fasa simintin kowa. Ruwan wanke-wanke da na wanka da abin da yara suka yi a bakin lambatu, duk a kansu yake bi.

Muddin akwai ruwa a bututu da ƙarfinsa, ta hujin waje yake fesowa, asarar ta tsaya a ruwan da ya zube. Amma da zarar an ɗauke, ruwan da ya rage yana gangarawa ƙasa, ya bar bututun yana zuƙa kamar mai shan lemo da tsinke. A lokacin ne ruwan kwata ke shiga, ya kwanta ciki yana jiran asubar da za a kawo ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kilorin ne ya kamata ya tare wannan ɓarna, domin ana so ya rage a cikin ruwa har bakin famfo, aƙalla miligiram 0.2 a lita. To amma tsatsa tana cinye kilorin a hanya, ƙurajen kuma maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta. Gidan da ke ƙarshen layi, kamar na Goggo, shi ke samun ruwan da mai gadinsa ya riga ya faɗi a hanya.

Kowace uwa a gidan nan ta san hanyar kemis da dare, ta san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Taifot da gudawa sun zama kamar baƙin da ba sa sallama. A 2021, shekarar da kwalara ta yi wa Nijeriya mummunan kamu, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Filato na cikin jihohin da abin ya shafa. Hanyoyin kwalara da yawa ne, akwai rijiya, akwai abinci, akwai hannun da ba a wanke ba. Amma bututu mai huji a cikin kwata ƙofa ce da muka bari a buɗe, kowa na wucewa yana gani.

Launi, ɗanɗano, ƙamshi

A zauren gidan akwai malamin da ke karantar da yara bayan magariba. Daren da na zauna da su, babin ruwa suke yi a Ishmawi. Duk wanda ya yi zaman zaure ya san ma'aunin: a dubi launin ruwa, a ji ɗanɗanonsa, a shinshina. Wani yaro ya tambaya ko jan ruwan famfo yana alwala. Malam ya yi masa bayanin bambancin ruwan da mazauninsa ya canza shi da wanda najasa ta canza, ya kuma gargaɗe su cewa ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi ba lallai ne ya dace da ciki ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. Ido da harshe da hanci suna kama tsatsa, amma akwai abin da ke wuce su ukun. Ƙwayar cuta ba ta da launi. Dalma ma haka. Mu a Arewa mun san dalma da mugun sani, tun 2010 da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. A harkar famfo ba da irin wannan yawa take zuwa ba, kaɗan-kaɗan take shiga, daga rufin tsofaffin bututun tutiya, daga kan famfo na tagulla, daga dalmar da ake liƙe mahaɗa da ita. Illarta a kan ƙwaƙwalwar ƙananan yara take, kuma ba ta gyaruwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wadda Nijeriya ma ta ɗauka, ita ce miligiram 0.01 a lita. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma. Gwaji ne kaɗai ke nuna ta.

Abin da ya faru a Flint, wani gari a jihar Mishigan ta Amurka, ya isa darasi. A Afrilun 2014 aka sauya wa garin ruwa zuwa na kogin Flint, ba a sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya kankare cikin tsofaffin bututu, ya kwaso dalma ya kai gidaje. Mutane suka yi ta ɗaga kwalaben jan ruwa a taruka ana ce musu lafiya lau ne, har sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta nuna a Satumban 2015 cewa dalma ta ƙaru a jinin yaran garin. Wata guda bayan haka aka mayar da su ruwan Detroit da suke sha a da. Matan garin da suka fara kuka su ne suka fi kowa gaskiya. Jan ruwa saƙo ne daga ƙarƙashin ƙasa cewa bututu na ciwo, kuma mai tara ruwa da asuba ita ce ke fara karɓar saƙon.

Wanda ke biya

Ranakun da famfo ya yi shiru, lungun na 'yan garuwa ne. Tun da sassafe za ka ji ƙarar kura a kan duwatsu, matashi ya dafe ta da ƙirji yana turawa hawa, jarkoki goma ko sha biyu suna kaɗawa. Masana na cewa mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana, na sha da girki da ɗan tsafta, lita 20 ne, wato jarka guda. Ɗakin da ke da mutum takwas, jarka takwas ke nan kullum, kafin a zo maganar wanki. Ga kuɗin fiya wata na sha, ga gawayin tafasa na jariri. Rijiyar gidan tana taimakawa da damina, amma daga Fabrairu sai guga ya riƙa dawowa da laka. Rijiyar burtsatse kuwa a kan dutsen Jos sai mai ƙarfi, kuma ba kowane haƙi ke cim ma ruwa ba.

Wata matar aure a gidan, mai wankau, ta nuna mini farar rigar wani da jan ruwa ya ɓata, ta ce sai da ta biya rabin kuɗinta. 'Yarta kuma takan makara zuwa makaranta duk ranar da aka kawo ruwa, domin ba a barin layi. Tsatsar da ke cin ƙarfe a ƙasa, a sama kuɗin cefane take ci, da barcin mata, da darasin farko na 'yan mata.

Wani abu kuma da dattijon ya faɗa ya zauna mini. Shi aikinsa ya kai shi kowace unguwa, har waɗanda rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba, inda wasu ke shakkar shiga. Ya ce cikin bututu iri ɗaya ne ko'ina. Layin da ya ratsa ta ƙarƙashin masallaci shi ne ya wuce ta ƙarƙashin coci, abin da ya shiga ta hujin wannan unguwa a famfon waccan zai fita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Idan akwai maganar da ta isa ta zaunar da masu unguwannin Jos a tabarma ɗaya, to wannan ce.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Babban aikin na hukuma ne: a san shekarun kowane layi da inda ya bi, a canza waɗanda suka ruɓe tun daga unguwannin da suka fi cunkoso, a fitar da bututu daga kwata, a daidaita tsamin ruwa kullum, a riƙa gwaji a bakin famfon gidaje ana faɗa wa jama'a sakamako. Ruwan da ke zuwa ba yankewa shi ne babban maganin zuƙar kwata. Sabuwar madatsa ana ganinta a yi biki, bututun da aka binne kuwa babu mai yanka masa ƙyalle, amma shi ne ke kai ruwa bakin yaro. Mu ma da namu: mu daina fasa layi da dare muna jona na sata, mu kai rahoton fashewa, mai gidan haya ya canza tsohon bututun gidansa, a zubar da ruwan farko, a tafasa na sha ko a sa masa maganin kilorin, a rufe randa.

Kafin in tafi, mutanen gidan suka yi karo-karo aka sayi sabon bututun roba mai kauri. Dattijon ya ɗaga shi daga kwata, ya bi da shi ta jikin katanga, tun daga bakin titi har tsakar gida. Ranar da zan kama hanya aka kawo ruwa. Ya zo da ƙarfin da yaran gidan ba su taɓa gani ba, har ya fallatsa wa jikar Goggo a zane, aka yi ta dariya. Amma bokitin farko ja ne, domin babban layin da ke ƙarƙashin titi yana nan yadda yake. Goggo ta dubi bokitin, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, mu mun yi namu. In ka je ka rubuta, ka ce saura nasu." Sannan ta ɗauko kallabinta daga igiya, ta sake ɗaure shi a bakin famfo.